Jagora Ga Mai Neman Akwatin Tausasa Haske Domin Ɗaukar Bidiyo

Tun daga shekarar 1990, lokacin da aka fito da Turmin Danya a birnin Kano, wanda ake lissafa shi farkon fina-finan Hausa na bidiyo, har zuwa wannan zamani da malami mai karantarwa da mai tallan haja da mai shirya wasan kwaikwayo kowannensu ya mallaki abin ɗaukar hoto a aljihunsa, akwai wata mas'ala guda wadda ba ta gushe ba tana damun ma'abota wannan sana'a, ita ce mas'alar haske. Sau da yawa saurayi yakan tara kuɗi wata da watanni, ya sayi kyamara mai tsada, ya ɗauki hira da dattijo mai kwarjini, amma idan aka zo kallo sai a tarar goshin dattijon yana ƙyalli, idanunsa sun nutse cikin duhu, inuwar hancinsa kuma ta miƙe baƙa ƙirin har kan leɓe, ta yadda mai kallo zai shagala da aibin hoton ya bar sauraron maganar da aka tara mutane dominta. Maganin wannan aibi, a mafi yawan lokuta, shi ne akwatin tausasa haske, wanda ma'aikatan fim ke kira sofbos. Sai dai akwatunan sun yawaita a kasuwa, girmansu da siffarsu da farashinsu sun sha bamban, har wanda bai san ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu ba yakan sayi abin da ba zai amfane shi ba.

Shi dai wannan akwati ba ƙarfe ba ne ba kuma katako ba, tanti ne ƙarami na yadi wanda sanduna masu lanƙwasa ke riƙe da shi, bayansa baƙi domin kada haske ya tsere, cikinsa mai launin azurfa ko fari domin ya mayar da hasken gaba, bakinsa kuma an rufe shi da farin ƙyalle. Ana cusa kan fitila ta wani zobe da ke ƙarshensa, hasken ya bugi bangon ciki ya warwatsu, ya ratsa wani ƙaramin ƙyalle da ke tsakiya, sa'an nan ya fito ta babban ƙyallen gaba. Cikin waɗanda suka yaɗa wannan siffa mai naɗewa akwai kamfanin Chimera, wanda Gary Regester, mai ɗaukar hoto, da Tom Frost, mai hawan duwatsu, suka kafa a garin Boulder na Amurka wajen shekarar 1980. A yau kuwa mafi yawan abin da ke isowa kasuwanninmu daga ƙasar Sin yake, da sunaye irin su Godox da Aputure da Nanlite, da wasu da yawa waɗanda ba su da suna ko kaɗan.

To, kafin mutum ya taya ko ɗaya daga cikinsu, wajibi ne ya fahimci ƙa'idar da ke sa haske ya yi taushi ko ya yi kaushi, domin a kanta ne dukkan sauran hukunce-hukuncen suka ginu. Malam Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965 Miladiyya, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manaziri, ta hanyar gwaji, cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma kowane ɗigo na jikin abu mai haske yana aika nasa hasken zuwa kowace fuska. Idan haka ne, to fitila ƙarama wadda haskenta ke fitowa daga wuri guda za ta raba fuskar mutum gida biyu, inda hasken ya kai da inda bai kai ba, tsakaninsu kuma iyaka mai kaifi. Amma idan mafitar hasken tana da faɗi, sai ya zama gefenta na dama yana haska wurin da hanci ya tare wa gefenta na hagu, na sama yana leƙa inda na ƙasa bai gani ba, ta haka inuwa ba za ta yanke farat ɗaya ba, sai ta riƙa raguwa sannu a hankali har ta narke cikin haske. Wannan faɗin iyaka da ke tsakanin cikakken haske da cikakkiyar inuwa shi ne abin da ake nufi da taushi, kuma ba shi da alaƙa da ƙarfin fitila ko rauninta. Wanda ya rage wutar ƙaramar fitila yana zaton zai tausasa ta, bai samu komai ba illa hoto mai duhu da inuwa mai kaifi kamar da.

Akwai kuma sharaɗi na biyu wanda ya fi na farko ɓuya ga masu koyo, watau girman da ake magana a kansa ba girman abin a zatinsa ba ne, girmansa ne yadda fuskar wanda ake ɗauka take ganinsa daga inda take. Hujjar wannan tana bisa kanmu kullum. Rana ta ninka duniya fiye da sau 100 a faɗi, amma da yake nisanta ya kai kimanin kilomita miliyan 150, sai ta zama a idonmu ɗan faifai mai faɗin kimanin rabin digiri, shi ya sa inuwar azahar a watan bazara take da kaifi ƙwarai. Idan hunturu ya shigo, hazo ya rufe samaniya, sai ƙurar ta karɓi hasken ta warwatsa shi, sararin sama gaba ɗaya ya koma mafitar haske, inuwar mutum ta dushe a ƙasa har da ƙyar ake gane iyakarta, alhali kuwa ranar nan ita ce dai ta jiya. Aikin da hazo ya yi wa rana shi ne aikin da farin ƙyallen nan ke yi wa fitila.

Bisa ga haka, akwati mai faɗin santimita 60 da aka ajiye mita ɗaya daga fuska, da mai santimita 120 da aka ajiye mita biyu, taushinsu ɗaya ne. Kuma babban akwati mai tsada da aka kai ƙarshen zaure ya koma ƙaramar fitila mai kaushi, an yi hasarar kuɗin da aka kashe a kansa. Abin da masu gogewa suka saba bi shi ne kada nisan akwati daga fuska ya wuce faɗinsa sau ɗaya zuwa sau biyu. Daga nan ne lissafi ya kamata ya fara, kuma a ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci: yaya faɗin hoton da kake yawan ɗauka yake? Idan daga ƙirji zuwa kai ne na mutum guda, kana iya matso da akwatin har kusa da shi ba tare da ya shiga hoto ba, mai santimita 60 zuwa 90 ya wadatar. Idan kuwa malami ne zaune a kan buzu da littattafai a gabansa, ana son a ga zamansa duka, to tilas akwatin ya ja baya domin kada kyamara ta gan shi, kuma gwargwadon ja bayansa gwargwadon buƙatar ƙarin girmansa, sai a nemi mai santimita 120 ko fiye.

Ja da baya yana da wata fa'ida kuma, wadda ta samo asali daga ƙa'idar da masana lissafi suka tabbatar, cewa idan nisa ya ninka sau biyu, haske yakan ragu zuwa rubu'i. Alal misali, a ce mutum biyu ne ke hira a kan doguwar kujera, na kusa yana mita ɗaya daga akwati, na nesa yana mita biyu. Na nesan zai sami kimanin rubu'in abin da ɗan'uwansa ya samu, sai ɗaya ya yi fari fat ɗaya ya nutse. Amma idan aka mayar da akwatin baya, na kusa ya zama mita uku na nesa mita huɗu, sai rabon na nesa ya haura rabi, su kusa daidaita. Ke nan mai ɗaukar jama'a ba shi da makawa sai babban akwati da fitila mai ƙarfi, shi kuwa mai ɗaukar kansa shi kaɗai a ɗaki, matsowar akwatin kusa da shi takan sa bangon bayansa ya yi duhu kaɗan, fuskarsa ta fito fili, wannan kuwa alheri ne gare shi.

Sa'an nan a auna ɗakin da kansa, da tef, kafin a tafi kasuwa. Akwai akwatuna masu zurfi, masu sanduna 16, waɗanda ke da kyan gani ƙwarai a hoton talla, amma zurfinsu kaɗai yakan kai rabin mita ko fiye, a ƙara da tsawon fitilar da ke bayansu. Idan aka ɗaga irin wannan sama da kan mutum a ɗakin da rufinsa bai wuce mita uku ba, ga kuma fanka tana rataye a tsakiya, sai a rasa yadda za a karkata shi. Zurfin yana taimakawa wajen tattara haske gaba, gaskiya ne, amma da zarar an rufe bakinsa da ƙyalle biyu, bambancinsa da marar zurfi mai faɗi ɗaya kaɗan ne, bai kai a ƙuntata ɗaki dominsa ba.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya fi shafarmu, wanda littattafan koyarwa na ƙasashen waje ba su cika ba shi haƙƙinsa ba, watau baƙar fata. Fata mai duhu takan shanye kaso mai yawa na hasken da ya faɗa mata, saboda haka siffar fuskar baƙin mutum a hoto ba ta dogara ga inuwa kaɗai ba, ta fi dogara ga sheƙin da ke saman fata, wanda a haƙiƙa hoton mafitar hasken ne da kanta yake dawowa daga goshi da kunci da karan hanci. Idan mafitar ƙarama ce, sheƙin zai zama ɗigo fari mai tsananin ƙyalli a tsakiyar duhu, kyamara ta kasa riƙe su biyun tare, ko dai ɗigon ya ƙone ko sauran fuskar ta ɓace. A ƙasa mai zafi irin tamu kuwa, inda gumi da mai ke tsatso wa mutum bayan mintoci kaɗan da kashe fanka saboda ƙararta, abin sai ya ƙara muni. Idan mafitar tana da faɗi kuma tana kusa, sai wannan ɗigo ya baje ya zama sheƙi mai laushi wanda ke bin tudun kunci ya sauka a hankali, ya bayyana ƙirar fuska da launinta na asali, ja-ja-ja ne ko wankan tarwaɗa ko baƙi mai kyau, ba tare da an tilasta wa kyamara ta mayar da mutum abin da ba shi ba ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga fuska ta yi duhu sai a ƙara wuta, alhali abin da take buƙata ƙarin faɗi ne. Saboda wannan dalili, idan mutum yana shakka tsakanin girma biyu, kuma ɗakinsa da fitilarsa za su ɗauka, ni ina ba shi shawara ya ɗauki babban.

Tufafinmu ma suna da nasu hukunci. Babbar riga ta farar shadda wadda ta sha bugu tana mayar da haske ninkin-ba-ninkin abin da fuska ke mayarwa, kuma babban akwati ba ya zaɓe, yadda ya zuba wa fuska haka zai zuba wa ƙirji, har aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari. A nan ne amfanin raga yake bayyana, watau baƙin yadin nan mai gidaje-gidaje da ake mannawa a bakin akwati. Ragar ba ta rage taushi yadda za a damu, domin faɗin mafitar yana nan. Abin da take yi shi ne hana hasken fantsama gefe, ta tsare shi cikin kusurwa ƙayyadajjiya, wadda aka fi sayarwa kuwa ita ce mai digiri 40. Da ita kana iya auna tsakiyar hasken bisa fuska, ka bar rigar ta sami gefensa mai rauni, ka kuma hana shi wanke farin bangon baya. Kada ka sayi akwatin da ba shi da wurin manna raga a leɓensa, ko da ba ka da kuɗinta yau. Idan ragar ba ta isa ba, sai a tsayar da baƙin kwali tsakanin ƙasan akwatin da ƙirjin mutum, ya yanke hasken daga rigar. Haka nan rawani da ɗankwali mai tudu da hijabin da ya leƙo goshi duk suna jefa inuwa kan ido idan akwatin ya yi sama da yawa, sai a sauko da shi har an ga ɗan haske ya bayyana a ƙwayar ido. Mai tabarau kuwa akasin haka ne, a ɗaga akwatin ko a kai shi gefe har farin hotonsa ya fita daga gilashin.

Maganar siffa ba ta buƙatar dogon bayani, ko da yake ita ce masu sayarwa suka fi yawan zuzutawa. Mai kusurwa takwas yana barin haske kewayayye a ƙwayar ido, mai kusurwa huɗu yana barin siffar taga, kuma ya fi sauƙin jinginawa kusa da bango. In faɗinsu ɗaya ne, taushinsu ɗaya ne. Dogon siriri, irin mai santimita 30 da 120, aikinsa daban ne, ana sa shi a baya ta gefe domin ya zana kafaɗa da gefen kai, ya raba mutum da bango mai duhu, kuma yana da kyau wajen ɗaukar kwalaben turare da makamantansu. Akwai kuma mai siffar ƙwallo, wanda ke watsa haske ko'ina, ya dace a rataye shi bisa mutanen da suka kewaye tabarma ko tebur, amma ba shi da linzami, duk bango da rufi sai sun samu. Wanda zai sayi guda ɗaya tak, ya fara da mai kusurwa takwas na santimita 90 tare da ragarsa.

Akwati kuwa ba ya haifar da haske, cin sa ma yake yi. Tsakanin ƙyallen ciki da na waje, abin da ke salwanta yakan kai rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na abin da fitila ta fitar, idan an ƙara raga kuma a ƙara hasara. Don haka ba a zaɓen akwati sai tare da fitilarsa. Fitilar LED mai wat 60, irin Godox SL60W da ta yaɗu a hannun masu farawa, tana isar akwati mai santimita 60 zuwa 90 a ɗakin da aka rufe tagoginsa. Amma mai santimita 120, ko wurin da hasken rana ke shigowa ana gogayya da shi, yana neman wat 150 zuwa 300. Wanda ke aiki da ƙaramin janareta ko da batir ya yi wannan lissafi tun da wuri, domin gara matsakaicin akwati da fitila ta cika shi da babba wanda zai tilasta a buɗe kyamara har hoto ya yi yashi-yashi. A duba kuma zoben da ke haɗa su. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne wanda kamfanin Bowens na Ingila ya ƙirƙiro, mai haƙora uku da ake cusawa a murɗa, kuma mafi yawan fitilun Godox da Aputure da Nanlite na irin wannan aiki da shi suke zuwa. Profoto da Elinchrom suna da nasu daban, ba sa shiga juna sai da wani zoben tsakani. Wanda ya tsaya a kan na Bowens, in ya sauya fitila gobe akwatinsa yana nan yana aiki.

Akwai wasu akwatuna masu araha da ake sayarwa bibbiyu cikin jaka, da ƙafafunsu da ƙwayayen fitila na murɗawa irin na gida. Ba na cewa haramun ne amfani da su, domin da yawa sun fara da su sun kuma ci gaba, amma ya kamata mai saye ya san aibinsu: ba a iya rage wutarsu yadda ake so, ba a sa musu raga, ƙwayayensu kuma sau da yawa suna da wani kore-kore wanda ido ba ya gani amma kyamara tana gani, ya mayar da baƙar fata toka-toka kamar ta marar lafiya. Ma'aunin da ke nuna gaskiyar launi shi ne wanda ake rubuta wa CRI a jikin kwali, iyakarsa 100, kuma don ɗaukar fuska a nemi 95 ko sama. Launin hasken kansa ana auna shi da Kelbin, 5600 shi ne mai kama da hasken rana, 3200 kuma mai ja-ja irin na tsohon ƙwan fitila. Idan taga a buɗe take a bi na rana, kada rabin fuska ya yi shuɗi rabi ya yi ja. Da yake kuma wutar lantarkin Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wanda ya ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, ya sa gudun shatar kyamararsa a kan ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, ya kuɓuta daga yawancin rawar da fitilu marasa inganci ke sa hoto ya yi.

Idan ka isa shago, kada ka yarda da hoton da ke jikin kwali, ka roƙi mai kaya ya haɗa akwatin a gabanka ya kunna. Ka lura da tsawon lokacin da haɗawar ta ci, domin akwai na tsohon yayi wanda ake cusa sandunansa ɗaya bayan ɗaya da ƙarfin tsiya, akwai kuma wanda sandunansa ke maƙale da zobe, ɗagawa kawai ake yi su kama; wanda zai kafa shi a ɗaki ya bar shi, na farkon ya ishe shi, amma mai yawon ɗaukar biki da wa'azi da hira, na biyun ne zai raba shi da ɓacin rai. Bayan an kunna, ka ja baya ka ɗauki bakin akwatin da wayarka, ka rage hasken hoton ƙwarai har ƙyallen ya koma toka-toka. Idan ka ga ya yi bai ɗaya daga tsakiya har kusurwoyi, to akwatin yana aiki da dukkan faɗinsa. Idan kuwa ka ga farin dunƙule a tsakiya gefuna sun yi duhu, to girmansa na gaskiya wannan dunƙulen ne kawai, sauran yadi ne ka biya. Galibi rashin ƙyallen ciki ne ke jawo haka. Ka kara farar takarda a jikin ƙyallen gaba ka ga ko ya karkata zuwa shuɗi ko rawaya, domin duk launin da ke jikinsa zai sauka a fuskar mutum. Ka sa yatsa cikin aljifan da kan sanduna ke shiga ka ji kaurin ɗinkin, gama nan ne wurin da ke fara yagewa. Game da launin ciki, mai azurfa ya fi fitar da haske, fari ya fi daidaita shi. Ga mai ƙaramar fitila azurfa ta fi.

Kada kuma kuɗi su ƙare a kan akwati a manta da ƙafar da za ta ɗauke shi, domin nauyinsa duk gaba yake rinjaya, kuma siririyar ƙafa ba ta jure wa mai santimita 120. A juya ta yadda ɗaya daga ƙafafunta uku za ta kasance daidai ƙarƙashin akwatin, a ɗora jakar yashi a kanta, a tsakar gida kuwa ko a fili, inda iska ke iya cika shi ta kifar, a sa mutum ya riƙe. Fitilun LED suna zuwa da murfin roba a bakinsu, lalle a cire shi kafin a kunna, in ba haka ba ya narke a kan ƙwan. Tsofaffin fitilu masu zafi kuwa ba a sa musu akwatin da ba a yi shi domin zafi ba, saboda haɗarin gobara.

Ranar da ka fara aiki da shi, ka kashe dukkan fitilun ɗakin, ka zaunar da mutum nesa da bango gwargwadon hali, ka ajiye akwatin a gefen kyamara wajen digiri 45, sama da idonsa kaɗan, yana kallon ƙasa. Ka dubi kuncin da ke nesa da fitilar: idan inuwar hanci ta gangara ta haɗu da inuwar kunci, ta bar ɗan haske mai kusurwa uku ƙarƙashin ido, wannan shi ne tsarin da ake jingina wa Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669, kuma ya dace da magana mai nauyi. Idan ana son fuska ta fi sakewa, a matso da akwatin kusa da kyamara har inuwar hanci ta gajarta. In ɓangaren inuwa ya yi duhu da yawa, kafin ka yi tunanin fitila ta biyu, ka tsayar da farin kwali a wancan gefen, ka riƙa matso da shi kana duban kyamara har duhun ya buɗe daidai yadda kake so. Wata dabara kuma ita ce a karkatar da bakin akwatin ya wuce ta gaban fuskar kaɗan, gefen hasken ya shafe ta, ragowarsa ya faɗa kan farin kwalin ya dawo.

Wanda hannunsa bai kai ga saye ba tukuna, ƙa'idar da muka faɗa tun farko tana buɗe masa wata ƙofa, tun da faɗi ake nema, ba lalle sai akwati ba. Yadi biyu na farin ƙyalle marar kauri, a ɗaure shi a firam na katako ko na bututun roba, a ajiye fitila mita ɗaya a bayansa ta cika shi da haske, zai ba da taushin da ya fi na akwatuna da yawa. Haka kuma haska farin bango a bar hasken ya dawo kan fuska, muddin fentin bangon fari ne na gaske, domin mai ruwan ƙwai ko shuɗi zai rina fuskar da launinsa. Abin da wannan hanya ta rasa shi ne tsarewa, gama hasken zai bazu ko'ina cikin ɗaki, sai an bi shi da baƙin yadi ana tarewa, kuma ɗaukarta daga wuri zuwa wuri wahala ce. Wannan tsarewa da sauƙin ɗauka su ne haƙiƙanin abin da mutum ke biya idan ya sayi akwati.

Bayan an saya, abokin gabansa na farko a ƙasarmu ƙura ce. Ƙyallen gaba yakan sha jar ƙasa a lokacin hunturu, ya koma rawaya a hankali ba tare da mai shi ya lura ba, hasken ya ragu, launinsa ya sauya, har a riƙa zargin kyamara. A riƙa ɓalle ƙyallayen biyu bayan aiki a sa su cikin leda daban, in sun yi datti a wanke su da hannu da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, kada a sa musu bula ko sinadarin cire tabo, a shanya su a inuwa. Cikin azurfar ba a wanke shi, goge shi ake yi da tsumma mai laima, domin dirzawa tana ɓare shi. Ba a naɗe akwati da danshi a jikinsa lokacin damina, kuma ba a barin sa cikin mota a rana. Wajen kwancewa a saki sandunan bibbiyu, kowace da wadda ke fuskantarta, domin kada nauyin yadin ya taru a kan guda ɗaya ta karye. In kuma mai kaya yana da sandunan canji, a sayi biyu tun ranar farko a ajiye su cikin jakar.